Miƙewar lokaci da sadarwa da kumbo

Miƙewar lokaci ita ce yadda agogon abin da ke tsananin gudu yake tafiyar hawainiya idan aka gwada shi da agogon wanda ke zaune yana kallo. Jinkirin yana shafar komai, har bugun zuciyar matuƙi da tsufansa, shi kuwa a cikin kumbon ba ya jin wani sauyi.

Tarihi

Albert Einstein ne ya kawo bayanin a 1905, bisa hujjar cewa gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, ɗaya ne ga kowa. A 1911 Paul Langevin ya ba da misalin da aka fi sani da labarin tagwaye: Hassan ya tafi, Hussaini ya zauna gida, da Hassan ya dawo sai ya tarar ƙanen nasa ya fi shi tsufa. An daɗe ana gardama a kansa, gwaji ya kashe bakin zance. Wajajen 1940 aka auna abin a ƙwayoyin muon, wasu ƙananan ƙwayoyin zarra masu tsananin gudu da ke zubowa daga sama, a 1971 kuma Hafele da Keating suka zagaya duniya a jirgin fasinja da agogunan atam masu auna lokaci daidai ƙwarai, suka dawo da bambancin da lissafi ya hango.

Saƙo tsakanin kumbo da ƙasa

Nan ne ɗalibi ya fi rikicewa, domin jinkiri biyu ne suke haɗuwa. A ɗauka kumbo ya tashi da kashi 60 cikin 100 na gudun haske, yana aiko saƙo duk awa ɗaya a agogonsa, ana karɓa a Samaru, Zariya. Miƙewar lokaci kaɗai za ta mai da awar nan awa ɗaya da kwata. Amma kowane saƙo daga wuri mafi nisa yake tasowa, don haka sai bayan awa biyu-biyu yake isowa. In kumbon ya juyo gida, saƙonni su riƙa shigowa duk rabin awa, alhali agogonsa bai daina jinkiri ba. Lissafin yana da daɗi, ya cancanci a yi shi da alli a allo.

A yau

Kumbon Voyager 1, da aka harba a 1977, yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa. Saƙonsa yana ɗaukar kusan kwana guda, nisa ne ya jawo. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS kuwa ana yi musu gyaran kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, har da tasirin ƙarfin jan ƙasa.