Agni: Wutar Ciki a Likitancin Ayurbeda

Agni kalma ce ta harshen Sanskrit mai nufin wuta. A likitancin gargajiya na Indiya, wato Ayurbeda, ita ce ƙarfin da ke narkar da abinci ya koma jini da tsoka da ƙashi. Littafin Caraka Samhita, wanda aka tattara kusan shekara 2,000 da suka wuce, ya ɗora lafiya da ƙarfi da tsawon rai a kanta.

Masanan Ayurbeda sun ƙirga wuta 13 a jiki, amma uwarsu ita ce jatharagni, wutar tumbi. Hali huɗu take shiga: ko ta daidaita, ko ta yi ta ci tana lafawa, ko ta yi zafi fiye da kima, ko ta yi sanyi. Idan ta yi rauni, abincin da bai gama narkewa ba yakan zama wani dafi mai yauƙi da suke kira ama. Mai magani kan duba harshen majinyaci. Farin dattin da ya lulluɓe shi, tare da nauyin jiki da rashin sha'awar abinci, alamar ama ce a wurinsa.

Inda koyarwar ta fi armashi shi ne batun zuciya. Caraka, malamin da ake danganta wa littafin, ya ce abinci mai kyau, ko an ci shi daidai gwargwado, ba ya narkewa idan mai cinsa yana cikin damuwa, baƙin ciki, tsoro, fushi ko rashin barci. Shi ya sa ladubban ci suka zama magani: a ci da ɗumi, ba gaggawa, ba jan jiki, ba surutu ko dariya, hankali na kan akushi. A kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya a bar shi wayam. Duk wanda mummunan labari ya taɓa riska yana tsaka da cin abinci, loma ta tsaya masa a wuya, ya san wannan magana ba shaci-faɗi ba ce. Likitancin zamani ma ya tabbatar da cewa jijiyoyi sun haɗa ƙwaƙwalwa da hanji, kuma damuwa na tayar da wasu cututtukan ciki.

Ɗanɗano shida ake so a samu a abinci: zaƙi, tsami, gishiri, yaji, ɗaci da bauri. An hana haɗa kifi da madara, ko zuma da man shanu daidai wa daida. Don hura wutar da ta yi sanyi, akan ba da trikatu, garin citta da masoro iri biyu.

Agni dai ba abu ne da na'urar asibiti ke aunawa ba, kuma an sami dalma a cikin wasu magungunan Ayurbeda da ake sayarwa, abin da ke buƙatar hattara sosai. A 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikatar magungunan gargajiya mai suna AYUSH don kula da wannan fanni.