Masu tambayata yadda mai waƙa ke shiga rediyo da talabijin, ga amsarku gaba ɗaya

Na gaji da maimaita magana ɗaya, duk taron da na je na rera waƙa sai matasa sun tare ni a bakin ƙofa. Ku karanta nan, wanda ya sake tambaya zan turo shi nan.

Dole sai na yi digiri a aikin jarida?

A'a. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da wane digiri ya yi suna? Ka iya waƙar tukuna.

Ina zan kai waƙata a Kaduna?

Rediyon Tarayya na nan tun 1962, zamanin ana ce mata BCNN. Ga KSMC, ga Nagarta, ga Alheri da DITV, ga Liberty, ga Freedom, ga NTA. Ka saurari shirye-shiryensu na mako guda ka gane wanda ke da filin adabi, sannan ka nemi furodusan shirin, ba maigadi ba, ba manaja ba.

Nawa suke biya?

Biya? Sau da yawa kai za a ce ka sayi fili ko ka kawo mai ɗaukar nauyi. Rediyo suna take ba ka, kuɗin kuma a taro yake da tallace-tallace da gayyatar da za ta biyo baya.

Sun naɗi waƙata suna ta sakawa, har a Facebook, ban samu ko sisi ba. Ta wa ce?

To nan ne sai an bi a hankali, don ni ba lauya ba ne, kuma amsar ta danganta da yadda ka shiga situdiyon. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022 baitocin naka ne tun ranar da ka rubuta su ko ka naɗe su, ba sai ka yi rajista ba, duk da dai rajista da hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana zama maka shaida in rigima ta tashi. Amma shirin da suka watsa, da kyamararsu da makirufonsu, wannan suna da nasu haƙƙin a kai, shi ya sa abin ke cakuɗewa, waƙa taka faifai nasu. In kuma ma'aikacinsu ne kai, ko ka sa hannu a wata takarda ba ka karanta ba saboda murnar za a gan ka a talabijin, to sai an duba abin da takardar ta ce, mai yiwuwa ka bayar da komai da hannunka. Ni ma na taɓa yi, wani gida ya yanki baitina biyu ya manna a tallan wani kaya, na je da fushi aka fito min da sa hannuna, na dawo gida shiru. Kar ka tayar da hankali, yawancin furodusoshi in ka je da lalama za su sa sunanka ko su cire. Amma nan gaba ko a WhatsApp ne ka sa su rubuta sau nawa za a saka, a ina, kuma banda talla sai da izininka.

Me ya sa suka yanke min baitin da na caccaki gwamnati?

Saboda NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, gidan take hukuntawa, ba kai ba. Ka koyi habaici da zambo mana, magabata da suka yi waƙar siyasa zamanin jam'iyyun NEPU da NPC ba su san tsoro ba ne?

Zan iya karantawa daga waya?

A rediyo ka yi, ba mai ganinka. A talabijin haba ɗan'uwa, ka haddace. Kuma ka auna ta da agogo tun daga gida, minti 3 aka ba ka ka zo da baiti 40, furodusa zai ɗaga maka hannu kana tsakiyar ɗango.

Dole sai da amsa-amo?

Ba dole ba, amma tsofaffin da ke riƙe da rediyo a Tudun Wada da Rigasa da kunne suke aunawa, in kari ya karye za su bugo waya su faɗa maka kai tsaye.