Agogon ƙidaya taku ba ya rage ƙiba da kansa

Masu tattakin asuba a Dandalin Murtala da ke Kaduna sun daɗe da yarda cewa ɗaura agogon ƙidaya taku ya isa ya zubar da teɓa, alhali kuwa ba haka abin yake ba. A wani binciken Jami'ar Pittsburgh ta Amurka da aka wallafa a 2016, masu ƙiba da suka ɗaura na'urar auna motsi sun rage kimanin kilo 3.5 cikin shekara biyu, waɗanda ba su ɗaura ba kuwa suka rage 5.9, duk da cewa shawarar abinci ɗaya aka ba su. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da agogo ya nuna masa ya ƙona kuzari, sai ya ratse wurin mai waina ya mayar da ninkinsa, ga shi lissafin kuzarin agogon yakan kauce sosai.