Mece Ce Dokar Ta-ɓaci, Kuma Wa Ke Da Ikon Ayyana Ta?

Kwanakin nan da wuya mako ya wuce ba ka ji an ce an kafa dokar ta-ɓaci a kan wani abu ba. Yau a kan ilimi, gobe a kan abinci, jibi a kan shara ko ƙarancin ruwan sha. Saboda yawan jin ta, mutane da dama sun ɗauka magana ce kawai ta nuna cewa abu ya yi tsanani. Amma a tsarin mulkin Najeriya na 1999 tana da ma'ana guda, mai sharuɗɗa da wa'adi, kuma idan ta hau kan jiha tana iya taɓa kujerar gwamna da kasuwar talaka a lokaci ɗaya.

Sashe na 305 ne ya yi bayaninta. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ayyana ta, a duk faɗin ƙasa ko a wani yanki, kuma ba don ya ga dama ba. Sai in ana yaƙi, ko ana fargabar mamaya daga waje, ko doka da oda sun rushe har matakan yau da kullum sun gaza, ko wata annoba ko bala'i ya auka wa jama'a, ko wani haɗari na barazana ga wanzuwar tarayyar kanta. Gwamna ma na iya roƙon a kafa ta a jiharsa idan kashi biyu bisa uku na majalisar jihar sun mara masa baya. Bayan an buga sanarwar a jaridar gwamnati, dole Majalisar Dattawa da ta Wakilai su amince cikin kwana 2 in suna zama, ko kwana 10 in suna hutu. Kuma amincewar ta kashi biyu bisa uku ce na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360. In ba a samu haka ba, dokar ta faɗi. In an samu, wata 6 take yi, sai dai a sabunta.

A nan ake yawan rikita ta da dokar hana fita. Hana fita mataki ne da gwamna kan ɗauka na 'yan kwanaki bayan tarzoma, ya ce kowa ya zauna a gida daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Ta-ɓaci ta fi haka nauyi nesa ba kusa ba, domin tana buɗe wa gwamnati ƙofar taƙaita wasu 'yancin ɗan ƙasa, musamman ta fuskar kamawa da tsarewa. Haka kuma wadda Shugaba Tinubu ya ayyana kan samar da abinci a watan Yulin 2023, ko wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana kan ilimi a Kano a 2024, ba su bi ta sashe na 305 ba. Alkawari ne na ba wa fannin fifiko, kuma abin da za a auna su da shi shi ne kuɗin da aka saki da aikin da aka gani a ƙasa.

Tarihinta a ƙasar nan ya faro ne a 1962, lokacin da rikicin Awolowo da Akintola ya hargitsa majalisar Jihar Yamma, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi ya riƙe yankin. A jamhuriyar da muke ciki yanzu kuwa, Obasanjo ya kafa ta a Filato a watan Mayun 2004 bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya ɗora Janar Chris Alli mai ritaya. Ya maimaita a Ekiti a 2006. Jonathan ya bi wata hanya dabam: a watan Mayun 2013 ya kafa ta a Borno da Yobe da Adamawa saboda Boko Haram, amma ya bar Kashim Shettima da Ibrahim Gaidam da Murtala Nyako a kan kujerunsu. Sannan a ranar 18 ga Maris 2025 Tinubu ya kafa ta a Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jihar baki ɗaya, ya miƙa ragamar ga tsohon hafsan sojin ruwa Ibok-Ete Ibas har zuwa watan Satumba.

Duba wannan jeri da kyau. Inda ake yaƙi na gaske, ana ƙona garuruwa, gwamnoni sun ci gaba da mulki. Inda rikicin ya fi kama da na 'yan siyasa, kamar Ekiti da Ribas, a nan aka ture zaɓaɓɓu gefe. Wannan shi ne abin da ke damuna. Sashe na 305 bai ambaci dakatar da gwamna ba ko sau ɗaya, hanyar tsige shi tana sashe na 188, a hannun majalisar jiharsa. Masu kare matakin na cewa ba za a kashe gobara ba alhali wanda ya hura ta yana riƙe da ashana, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda zai tantance ko dalilin ya kai shi ne Majalisar Tarayya, ita kuwa a batun Ribas da murya ta amince, aka ce masu "e" sun rinjayi masu "a'a". Ta yaya kunne zai ƙirga mutum 240? Tun da tsarin mulki ya faɗi adadi, kamata ya yi kowane ɗan majalisa ya tashi a rubuta sunansa, mutanen mazaɓarsa su san inda ya tsaya.

Wanda ya zauna ƙarƙashin wannan doka ya san ba a takarda take tsayawa ba. A Borno a 2013 an katse layukan waya na tsawon watanni, ɗan kasuwa bai iya kiran abokin cinikinsa, mai mara lafiya bai iya neman taimako da dare. A Jamhuriyar Nijar, da aka kafa ta a jihar Diffa a watan Fabrairun 2015 bayan hare-haren Bosso da garin Diffa, an hana hawa babur, an hana cinikin kifi da tattasai don a toshe wa maharan hanyar samun kuɗi. 'Yan kabu-kabu da masunta da manoman bakin kogin Komadugu, waɗanda ba su taɓa ɗaukar bindiga ba, su ne suka wayi gari ba sana'a. Daga 2017 dokar ta kai wasu sassan Tilaberi da Tawa, aka yi ta sabunta ta duk bayan wata 3, shekara da shekaru.