Ayyukan Ismail Kadare

Ismail Kadare (28 ga Janairu 1936 zuwa 1 ga Yuli 2024) marubuci ne ɗan ƙasar Albaniya da ya rubuta waƙoƙi da ƙagaggun labarai da maƙaloli da harshen ƙasarsa. An haife shi a Gjirokastër, garin gidajen dutse da ke kudancin ƙasar, wanda kuma shi ne mahaifar Enver Hoxha, shugaban kwaminisanci da ya riƙe Albaniya daga 1944 har mutuwarsa a 1985. Yawancin manyan littattafansa a ƙarƙashin wannan mulki ya rubuta su, kuma an fi saninsa da ɗaukar zancen zamaninsa ya sa shi a bakin mutanen da.

Waƙa

Da waƙa ya soma. Kundinsa na farko, Frymëzime djaloshare, ya fito a 1954. Ya yi karatu a Jami'ar Tirana, babban birnin ƙasar, sannan a Cibiyar Adabi ta Gorky da ke Mosko, ya dawo gida a 1960 da zama ya fara tsami tsakanin Albaniya da Tarayyar Sobiyet. A 1975 waƙarsa Pashallarët e kuq ta jawo masa fushin hukuma, aka hana buga ta.

Tarihi da tunawa

Gjenerali i ushtrisë së vdekur (Janar ɗin Rundunar Matattu, 1963) shi ya fitar da sunansa. Wani janar ɗan Italiya da wani limamin coci sun zo Albaniya kimanin shekara ashirin bayan Yaƙin Duniya na Biyu domin tono ƙasusuwan sojojinsu. Cikin ruwan sama da taɓo suke aikin, suna gwada haƙora da tsawon kowane mamaci da abin da ke rubuce a takarda, suna zuba shi a jakar leda. A wani gidan biki wata tsohuwa ta jefa wa janar ɗin buhun ƙasusuwan kanar ɗin da yake nema, wanda ita ce ta kashe shi. Samun littafin yaƙi da ya girmama matattu haka, ba tare da ya wanke su daga laifi ba, sai an tona. Fassarar Jusuf Vrioni zuwa Faransanci a 1970 ce ta kai shi ga duniya.

Kështjella (1970) labarin rundunar Daular Usmaniyya ce da ta yi wa wata ganuwa ƙawanya, Kronikë në gur (1971) kuwa yaƙi ne a idon yaro a Gjirokastër.

Labaran duhu

Prilli i thyer, na ƙarshen shekarun 1970, ya shiga dokar gargajiya ta kanun da ramuwar jini a tsaunukan arewa. Gjorg Berisha ya yi kisa don rama jinin ɗan'uwansa, aka ba shi besa, wato amanar kwana talatin, kafin nasa jinin ya halatta. A Kush e solli Doruntinën (1980) Kostandin ya tashi daga kabari don cika alkawarin da ya ɗaukar wa mahaifiyarsa na dawo da 'yar'uwarsa gida.

Mafi tsanani shi ne Pallati i ëndrrave (Fadar Mafarkai, 1981): ma'aikatar da ke tattara mafarkan talakawan daula kaf, ta tantance, ta miƙa wa sarki mafi hatsari duk Juma'a. Masu karatu sun gane Tirana a ciki, kuma ba a jima ba aka haramta littafin.

Saɓani da lambobi

Wasu na ganin Kadare ya yi kusa da gwamnati, tunda ya zauna a majalisar ƙasa. Wasu na cewa rubutun kansa shi ne turjiyarsa. Ya nemi mafaka a Faransa a Oktoba 1990. Shi ne na farko da ya ci kyautar Man Booker ta duniya a 2005, ya kuma karɓi ta Neustadt a 2020.