Ƙa'idar da ta cire Pluto daga jerin manyan duniyoyi

A wata lakwal ta unguwar Bukoki a Yamai na ga tsohuwar taswira manne da bango, gefenta duk ya naɗe saboda zafi, tana nuna duniyoyi tara suna kewaya rana, alhali malamin yana koya wa yara cewa takwas ne. Malamin ne ke da gaskiya, kuma hujjarsa ita ce ƙudurin da Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya, IAU, ta zartar a birnin Prague ranar 24 ga Agusta 2006.

Gano Eris, wata sabuwar halitta a sararin samaniya, a 2005 ne ya jawo wannan zama. Tana can nesa, sai ta shafe kusan shekara 560 kafin ta kewaya rana sau ɗaya, girmanta kuma ya yi kusa da na Pluto da aka gano tun 1930. Ya zama dole ko a karɓe ta a matsayin ta goma, ko a shata iyaka.

Ƙudurin ya gindaya sharuɗɗa uku kafin a kira abu babbar duniya: abu ya kasance yana kewaya rana, nauyinsa ya kai ya dunƙule shi kamar ƙwallo, sannan ya share hanyar da yake bi. Wanda ya cika biyun farko ya gaza na uku, matuƙar ba wata ne mai kewaya wata duniya ba, ana kiransa ƙaramar duniya, kuma a nan Pluto da Eris da Ceres suka faɗo, daga baya Makemake da Haumea suka bi su a 2008.

Sharaɗi na uku ne ya fi tayar da ƙura. Ba ana nufin shara irin ta manomi kafin damina ba, wadda ba ta barin ko kara ɗaya, domin babbar duniyar Mushtari (Jupiter) ma akwai dubban duwatsu a kan hanyarta. Abin nufi shi ne wa ke da iko da wurin. Pluto tana yawo cikin tarin ƙanƙara da duwatsu na yankin Kuiper, kuma ƙarfin jan Neptune, duniya ta takwas, ne ke tsara tafiyarta, ta yadda duk zagaye uku na Neptune ita biyu take yi. A ganina hukuncin daidai ne, ko da yake kalmar shara ba ta fito da manufar sosai ba.

Wannan ba dokar gwamnati ba ce, babu tara babu ɗauri. Ƙarfinta daga yardar masana da marubutan littattafan makaranta yake, shi ya sa ɗalibin da aka tambaya a jarrabawa ya kamata ya rubuta takwas.