Waiwaye: Yadda masana'antar cip ta shiga rabon ruwa da manoma

A watan Afrilun 2021 hukumomin Taiwan suka fara rufe wa mazauna birnin Taichung da gundumar Miaoli famfo kwana biyu a kowane mako. Tun kafin nan an riga an tsayar da ruwan ban-ruwa ga gonaki kusan hekta 74,000, wato kamar kashi ɗaya cikin biyar na filayen da ake shayarwa a tsibirin. Masana'antun cip kuwa, waɗannan ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikin wayar hannu da kwamfuta da mota, ba su tsaya ba. An umarce su da su rage shan ruwa, sun rage, wasunsu kuma suka ɗauki hayar tankokin ruwa don ko-ta-kwana. Fari ne da aka yi shekaru 56 ba a ga irinsa ba, kuma shi ya fito da tambayar da aka daɗe ana kauce mata: idan ruwa ya yi ƙaranci, wa zai fara sha?

Asalin maganar yana cikin yadda ake ƙera cip ɗin. Ana zana shi ne a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300, hawa bisa hawa, a matakai ɗaruruwa, kuma a tsakanin matakan sai an wanke faifan. Layukan da ake zanawa sun fi silin gashi sirantaka sau dubbai, don haka ɗigon gishiri ko ƙwayar cuta ɗaya na iya lalata aikin makonni. Ruwan famfo ba ya yin wannan wanki. Sai an tace shi, an cire masa ma'adinai da iskar da ta narke a ciki, har ya kai tsarkin da babu irinsa a rafi ko rijiya, kuma a wurin tacewar ma wani kaso yana tafiya. Ga kuma ruwan sanyaya injuna da na wanke hayaƙin sinadarai. Duk lokacin da cip ya ƙara ƙanƙancewa, matakan suna ƙaruwa, wankin ma haka.

Kafin a zo ga ƙarancin ruwa, gurɓata shi aka fara gani. A Silicon Valley da ke jihar Kalifoniya, inda masana'antar ta girma, an gano a 1981 cewa wani tankin sinadarai na kamfanin Fairchild da ke ƙarƙashin ƙasa yana yoyo, har dafin ya kai rijiyar da mutanen kudancin San Jose ke sha. Bincike ya tono wasu wuraren makamantansa, kuma gundumar Santa Clara ta zama cikin waɗanda suka fi yawan gurɓatattun filayen da gwamnatin Amurka ta sa a jerin tsaftacewa. A shekarun da suka biyo baya ƙera cip ya riƙa komawa gabashin Asiya, saboda araha da tallafin gwamnatoci.

Taiwan ta shirya wa wannan tun da wuri. Ta kafa cibiyar bincike ta ITRI a 1973, ta buɗe dandalin masana'antun kimiyya na Hsinchu a 1980, sannan a 1987 Morris Chang ya kafa kamfanin ƙera cip na TSMC da wata dabara sabuwa: ba zai zana nasa cip ba, zai dai ƙera wa wasu nasu. Dabarar ta ci. A yau kamfanonin Amurka Apple da Nvidia da AMD duk a wurinsa suke ƙera mafi ingancin cip ɗinsu, kuma mafi yawan cip na sahun gaba a duniya daga wannan tsibiri yake fitowa. Alƙaluman TSMC na 2019 sun nuna yana shan ruwa kusan tan 156,000 a rana, wato lita miliyan 156, duk da cewa yana sake sarrafa fiye da kashi 85 cikin 100 na ruwan aikinsa.

Abin mamaki shi ne Taiwan ba ƙasar fari ba ce. Tana samun ruwan sama kusan milimita 2,500 a shekara. Matsalarta tsaunuka ne masu tsayi da koguna gajeru, ruwa na sauka ya zarce teku cikin gaggawa, madatsun ruwanta kuma laka ta cinye wani ɓangare nasu. Abin da ke cika su shi ne guguwar teku mai tafe da ruwa da ke zuwa tsakanin bazara da kaka. A 2020 ko ɗaya ba ta sauka a tsibirin ba, karon farko tun 1964. Kafin tsakiyar 2021 madatsar Baoshan ta biyu, wadda dandalin Hsinchu ke dogaro da ita, ta koma ƙasa da kashi 10 cikin 100, gaɓar tafkin Sun Moon kuma ta bushe ta tsattsage.

Masu kare masana'antar suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Noma ne ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan Taiwan, duka masana'antu kuwa kusan kashi 10 ne. Lita ɗaya a masana'antar cip tana kawo kuɗin da lita ɗaya a gonar shinkafa ba za ta taɓa kawowa ba. Amma lissafin ƙasa baki ɗaya yana ɓoye wani abu. Masana'antun sun taru ne a Hsinchu da Taichung da Tainan, suna jan ruwa daga madatsun da manoman yankin da gidajensu ke sha, kuma ba su san rani da damina ba, kullum buƙatarsu ɗaya ce. Gwamnati ta biya manoma diyya, gaskiya ne. Sai dai diyya tana rufe asarar kaka ɗaya ne kawai. Ba ta dawo wa manomi da ɗan kasuwar da ya koma saye a wani wuri, ba ta kuma riƙe matashin da ya ga cewa duk shekarar da ruwa ya yi wuya gonarsa ce za a fara rufewa. A ganina nan ne zaluncin yake, domin manomin bai zauna a teburin da aka yanke hukuncin ba. A 2023 ma an sake tsayar da ban-ruwan shinkafar farko a filin Chianan da ke kudu.

Farin ya tilasta wasu gyare-gyare. A 2022 TSMC ya buɗe matatar da ke mayar da ruwan da masana'antu suka yi amfani da shi ya koma aikin cip a Tainan, a 2023 kuma gwamnati ta fara karɓar ƙarin kuɗi daga manyan masu shan ruwa a watannin rani.

Ana cikin haka sai tseren gina masana'antu ya bazu. Ƙarancin cip da ya tsayar da kamfanonin motoci a lokacin korona, da fargabar rikici tsakanin Sin da Taiwan, suka sa Amurka ta zartar da dokar tallafi ta kusan dala biliyan 52 a watan Agustan 2022. Wurin da TSMC ya zaɓa tun 2020 shi ne Phoenix a jihar Arizona, tsakiyar hamada, inda kamfanin cip na Intel ke aiki a garin Chandler da ke kusa tun 1980. Jarin da ya fara da dala biliyan 12 ya kai alƙawarin biliyan 165 a watan Maris na 2025. A watan Agustan 2021 aka ayyana ƙarancin ruwa a kogin Colorado a karon farko, Arizona ta rasa kusan kashi 18 cikin 100 na rabonta, kuma manoman gundumar Pinal ne suka fi ji a jika. A watan Yunin 2023 gwamnar Arizona Katie Hobbs ta sanar da dakatar da amincewa da sababbin unguwannin da za su dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin Phoenix. TSMC ya fara gina tasa matatar a can, da burin sake amfani da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa.

A Kumamoto ta Japan, inda reshen TSMC ya buɗe a garin Kikuyo a watan Fabrairun 2024, an bi wata hanya. Yankin kusan gaba ɗaya ruwan ƙarƙashin ƙasa yake sha, kuma gonakin shinkafa na cikin abin da ke ciyar da wannan ruwa, domin abin da aka tara a gona yana tsatsafowa ƙasa. Tun 2003 kamfanin Sony ya fara tallafa wa manoma su cika gonakinsu da ruwa a lokacin da ba a shuka, sabon kamfanin ma ya yi alƙawarin mayar wa ƙasa fiye da abin da yake ja. Mazauna yankin dai suna ci gaba da sa ido a kan rijiyoyinsu, domin masana'antu da tituna da gidajen ma'aikata suna cinye gonakin da ruwan ke bi ya sauka, ga shi kuma an riga an amince da gina masana'anta ta biyu a wurin.